Allon da Aka Hana Luba Wankewa

Ranar wata Laraba ce da hantsi, sati uku bayan mun dasa albasa, a shekarar da aka fara sako ruwan dam ta sabuwar magudana zuwa fadamar garinmu. Muna zaune a gindin dogon yaro, ƙofar gidan Malam Isa, kowa da allonsa a cinya. Al'adar makarantar ita ce duk wanda ya biya karatunsa babu gargada, Malam zai ɗaga masa kai, ya tashi ya je wurin wani tsohon kasko da ke jikin katanga ya wanke allonsa, ya jingine shi a rana, in ya bushe a rubuta masa na gaba. Ƙanwata Luba, wadda ba ta cika shekara biyar ba, ta durƙusa gaban Malam ta biya nata daga farko har ƙarshe da siririyar muryarta, ko kallon allon ba ta yi ba. Ta miƙe ta nufi kasko. Sai Malam ya ce, ba tare da ya ɗago ido ba, "Luba, komo ki zamna. Ba yau ba." Ta tsaya da allon rungume a ƙirji, ta dubi Malam, sannan ta juyo ta dube ni. Ni kuwa na sunkuyar da kai a kan nawa allon, wanda ya yi sati uku ba a wanke ba, har tawadar ta koɗe ta yi ja saboda bin yatsa. Ita ba ta san dalili ba. Ni na sani, domin ni ne dalilin.

Ni ne ɗan fari a gidanmu. Sunana Umaru, amma Sanda kowa ke kirana, ban da Inna, wadda saboda alkunyar ɗan fari ba ta taɓa kama sunana ba. A bakinta ni "kai" ne, ko "wancan". An ce na yi tafiya da wuri, amma baki ya ƙi buɗewa. Har na shekara uku ba na cewa komai, sai nuni da hannu. An kai ni wurin wanzami ya duba ƙarƙashin harshena ko akwai abin da ya ɗaure shi, ya ce babu. An ba ni rubutu na sha ya fi a ƙirga. Baba ya ɗora ni a keke ya kai ni asibiti Wurno, aka tafa hannu a bayan kunnena na juya, aka ce lafiyata lau, a yi haƙuri. Kakata ta wajen uba, Dije, wadda ke kirana mijinta, takan ce wa masu jajantawa, "Ku bam min miji, tara magana shikai. Ran da yab buɗe rumbun, sai kun gaji da ji." Rumbun bai taɓa buɗewa yadda ta yi fata ba. Sai da na shiga shekara ta huɗu kalmomi suka fara zuwa, ɗaya bayan ɗaya, da in'ina, kuma har yau da furfura a gemuna sai na auna magana a ciki kafin in sake ta.

Luba kuwa kamar da magana a baki aka haife ta. Na girme ta da shekara biyu da rabi, amma tun tana goye a bayan Inna take kiran sunayen awakinmu, kuma kafin a yaye ta tana haɗa zance cikakke. Ita ce ta zama bakina. In na tsaya gaban randa ina kallo, sai ta ce, "Inna, Yaya na son ruwa." In an tsokane ni a waje na dawo ina haki, ta dubi fuskata ta faɗi wanda ya yi, kuma ba ta cika kuskure ba. Tambayoyinta ba sa ƙarewa: ina ruwan gulbi yake zuwa in ya wuce mu, me ya sa inuwa take gajarta da rana tsaka, wa yake gaya wa kaza ranar da ƙwai zai fashe. Amma wannan yarinyar da ke tsayar da manya da tambaya ba ta iya ɗaura zanenta ba sai an ɗaura mata. Ta yi jinkirin tafiya, tana yawan tuntuɓe, in an aike ta da ƙwarya rabin abin a ƙasa yake ƙarewa. In 'yan mata sun zauna wasan carafke, duwatsun zubewa suke yi daga hannunta, sai ta fashe da kuka irin na jariri har da birgima. Ranar da aka yanka wani ɗan akuya da ta saba da shi, kwana biyu ba ta ci abinci ba. Inna takan ce, "Kanta ya riga ƙahwahunta tashi." Kuma Inna tana tsoron bakin mutane. In mata baƙi sun shigo, sai ta tura Luba bayan ɗaki tsintar wake, don kada ta yi wata magana a yi ta mamaki a manta da cewa tubarkalla.

Gidanmu na ƙasa ne, zaure ɗaya, ɗaki uku, da rumbu biyu, na gero da na dawa, sai turken awaki a kusurwa kusa da inda ake ɗaure jaki. Aikina na safe shi ne in fitar da awaki, in zuba wa jaki harawa, in cika randa biyu daga rijiyar unguwa. Na Luba shi ne korar kaji daga shanya, ko da yake sau da yawa akan same ta tana yi musu bayani suna ci. Da damina muna tudu wurin gero, da rani kuma muna fadama. Kafin ruwan dam, da jigo Baba yake ban ruwa, wato doguwar sanda mai guga a kai ɗaya da curin laka a ɗaya kan. Ya tsoma a rijiyar fadama, ya ɗago, ya juye, ruwan ya bi 'yar hanya zuwa fangali, waɗannan ƙananan gadajen ƙasa da ake dasa albasa a ciki. Ni ne mai tsayawa da 'yar fartanya in buɗe wa wannan fangali baki, in ya ƙoshi in toshe in buɗe na gaba. A nan ba a bukatar magana. Ban san yadda aka yi ba, amma in na dubi ƙasa nakan gane inda ruwa zai bi tun bai iso ba, inda zai kwanta da inda zai gudu. A bayan gida, inda ruwan wanke-wanke ke fita ta rariya, na yi tawa fadamar ta wasa, da magudanai na laka da ƙofofin kara, irin waɗanda muke ganin ma'aikata da manyan motoci suna ginawa a hanyar Goronyo. Sa'ad da tsarana ke langa a fili, ni ina can, Luba a tsugune gefena tana raɗa wa kowace magudana suna. Ba wanda ya taɓa kiran wannan baiwa. Wasan laka ne kawai, wanda ake yi wa yaro faɗa a kansa saboda ɓata riga.

An kai ni wurin Malam Isa ina da shekara shida. Sanin baƙaƙe ya ɗauke ni lokaci, haɗa su ya fi ɗauka, na fi shekara ina rarrafe a ƙananan surori. Luba ba a sa ta ba, bina ta riƙa yi, ta zauna a bayana tana wasa da ƙasa, ashe kunnenta yana wurin. Wata rana wani babban yaro ya kakare a tsakiyar karatunsa, sai aka ji ƙaramar murya daga baya ta ɗora masa. Malam ya waiga ya ce a maimaita, ta maimaita, har ta zarce. A satin nan ya sa aka sassaƙa mata ɗan allo. Cikin wata huɗu ta cim mini. A lokacin na iso wata sura da ke tare yara a hanya, wadda duk wanda ya taɓa riƙe allo ya san ta. Ayoyinta dogaye ne masu kama da juna, in ka shiga sai ka riƙa komowa inda ka fito. Ni da in'ina, nan na zauna daram. Ranar da aka rubuta wa Luba karatu ɗaya da nawa, yara suka samu abin yi. Da an tashi sai su bi ni suna cewa, "Sanda, kauce da jakinka, ga mota nan tahe!" Na dawo gida na shige turken awaki na zauna, aka kira ni cin tuwo na ƙi.

Baba ya ga wannan, kuma shi ma an yi masa irin tasa ba'ar a ƙofar masallaci. A gidanmu komai da girma yake tafiya. Babba ke fara wanke hannu, babba ke fara ɗaukar nama, shi ake fara yi wa aski, shi ake fara yanka wa yadin Sallah. Haka kuma akwai sadakar da ake yi in yaro ya kai izu na farko: a daka gumba a gida, a kai makaranta a raba wa yara, Malam ya sa albarka. Ba a taɓa jin gidan da gumbar ƙanwa ta riga ta wa ba. Don haka ranar Talata da la'asar, muna dawowa daga fadama, Baba ya tsaya ƙofar Malam, ni ina riƙe da igiyar jaki, ya ce, "Malam, a jinkirta ma yarinyag ga. Kada a wanke nata sai an wanke nashi. Babba shi ka gaba." Malam ya shafa gemu, sannan ya ce, "Ɗiyanka na, Mamman. Yadda kac ce." Ba mugunta ce ta sa Baba yin haka ba, tausayina ne. Kuma ba zan ɓoye ba, a ranar na ji sanyi a raina, na ci tuwo har da ƙari.

Da muka dawo gida ranar Larabar nan, Luba ta je ta riƙe gefen zanen Inna ta ce, "Inna, mi niy yi ma Malam?" Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "Ba ki yi komi ba. Jiran wanki kikai." Sai Luba ta ɗauka abin mai sauƙi ne, ai sai ta koya mini. Kullum bayan azahar ta ja ni bayan rumbu, ta biya aya in bi. Amma da zarar ta kafa wa bakina ido, sai harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Ta maimaita, ta sake maimaitawa, har hawaye ya cika mata ido, ta ce, "Yaya, ga shi nan hwa a hili! Mi aw wuya ciki?" Wata rana na ture ta, ta faɗi ta kurje gwiwa. Ba ta kai ƙarata ba, amma daga ranar ta daɗe ba ta sake ja na bayan rumbu ba.

Sati biyu suka wuce, uku, huɗu. Kullum ta biya, kullum a ce ta koma ta zauna. Daga nan sai ta fara wani abu da ban gane ba sai da na girma. In ta durƙusa gaban Malam, tana isa daidai inda nake kakarewa sai ita ma ta kakare, har da in'inata. Yara suka yi ta dariya, suna zaton kwaikwayona take yi don ba'a. Ba ba'a ba ce. A ɗan hankalinta ta auna ta ga cewa sanin ne laifin, sai take neman ta daina sani. Bayan wannan tambayoyin suka tsaya. Kaji suka ci shanya babu mai yi musu bayani. In na tsaya gaban randa, sai in ɗauki moɗa da kaina. Da safe ta ce cikinta na ciwo, sai an lallashe ta take ɗaukar allo. Kaka Dije ta dubi tsakar gida wata rana ta ce, "Wai wa yak kashe muna rediyo cikin gidan ga?" Aka yi dariya kaɗan, dariyar ba ta yi nisa ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne wata la'asar da na zagaya bayan rumbu neman igiya, na tarar da ita a tsugune tana rubutu a ƙasa da tsinken kara. Karatun gaba ne, wanda take ji a bakin manyan yara. Tana jin takuna ta goge shi da ƙafa da sauri, ta ɓoye tsinken a baya, kamar wadda aka kama da hannu cikin tukunyar miya.

Inna tana ganin duk wannan, amma bakinta a ɗaure yake ta fuska biyu. In ta yi magana don Luba, a ce ta fifita ƙarama ta kunyata ɗan fari. Zancena kuwa ba za ta iya ɗaga shi ba sam, balle a gaban uwar miji. To amma tun lokacin da Luba ta fara gudu a karatu, Inna ta ware gero mai kyau a wata ƙwarya ta rufe da faifai, na gumbar izu. Sai ta ɗauki wata ɗabi'a. Duk bayan kwana uku ta fito da ƙwaryar, ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar gida, daidai hanyar da Baba ke bi daga zaure zuwa ɗakinsa, ta baza geron a rana wai don kada ƙwari su shiga. Baba ya zo ya ratse ta gefe. Da yamma ta tattara ta rufe ta mayar. Ba ta taɓa cewa uffan ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Ni kuma duk ranar da na ga geron nan a baje, sai in ji kamar ni aka shanya.

A sati na shida layin ruwa ya zo kanmu. Tsarin sabuwar magudana shi ne a buɗe wa ɓangarenku ƙofa da safe, a rufe da azahar, wanda bai shayar ba sai wani zagayen. Ruwan ya zo da ƙarfin da ba mu saba gani ba, ba irin na jigo mai zuwa guga-guga ba. Baba ya bi tsarinsa na kullum, fangalin farko shi ne farko. To waɗanda ke bakin gonar laka ce mai tauri, kuma sun ɗan yi tudu, a hankali suke sha. Na ƙasa kuwa masu yashi ne, ganyen albasarsu har ya fara langaɓewa. Baba ya toshe hanya yana jiran na farko su ƙoshi, ruwa ya taru yana kumbura, gefen hanyar ya fara tsattsafo. Ban nemi izini ba, domin kafin in haɗa kalmomin ƙasar ta ɓalle. Na ruga da fartanya na sare wata hanya ta gefe, ruwan ya kwarara zuwa na ƙasa, na bar wa na tudu ɗan siririn zare yana shiga a hankali. Baba ya daka mini tsawa, "Kai! Wa yas sa ka?" Sannan ya tsaya yana kallo. Kafin a rufe ƙofa duk gonar ta sha, har da na tudun.

Muka zauna a inuwar mangwaro muna shan furar da muka zo da ita. Baba yana ta dubana da wata fuska da ban san shi da ita ba, ya ce, "Ina kak koyi wanga?" Fuskar nan ce ta ba ni ƙarfin hali. Akwai maganar da na yi kwanaki ina gwadawa a gaban awaki, sai na ga in ban faɗe ta yanzu ba, ba zan faɗa ba.

"Baba."

"Mi?"

"A... a wanke ma Luba."

Ya ajiye ludayin. "Ka san abin da kaka hwaɗi? Ta wuce ka, a yi gumbatta kai kana zamne, yara su sa ka gaba. Ba ka jin kunya?"

"Ina ji."

"To?"

Na daɗe kafin sauran su fito, shi kuma bai katse ni ba. Na ce, "Ta bar magana, Baba. Shirun nawa na, ba nata ba."

Ya juya yana kallon ruwan da ke kwance a fangali, ya cire hula ya shafa fuska da ita. Furar da ta rage bai sha ba. Can ya miƙe ya ce, "Ɗauko hwartanya mu tahi." A hanya ya ce in wuce gida da jaki, shi ya ratse wajen gidan Malam.

Ranar Asabar da aka koma makaranta, Luba ta biya karatunta a sanyaye, ta juya za ta koma wurin zamanta kamar yadda ta saba. Malam ya ce, "Ina za ki? Ga kasko can." Ba ta motsa ba. Ta dube ni, irin kallon nan na ranar Laraba, na nuna mata kaskon da haɓa. Tawadar sati shida ta kama allon, sai da ta dirje da yashi. Ba nan take ta dawo yadda take ba. Ya ɗauki kusan wata guda. Ina tuna ranar da muke zaune a bayan gida ina gyara magudanata ta laka, sai na ji ta ce, "Yaya, shin kihi na jin ƙishirwa?" Kaka Dije daga ɗaki ta ce, "Alhamdu lillahi, an gyara rediyo."

Kafin a cire albasa ta kai izu. Inna ta surfa geron nan ta daka gumba, Baba ya ce a samo wanda zai kai, na ce ni zan kai. Kaka ta ce, "Mijina, yau kai ad ɗan rakiya?" Na ɗora ƙwaryar a ka, Luba na biye da ni. Yara sun yi abin da Baba ya ce za su yi, da gumbar a bakinsu suke yi, kuma ya yi mini zafi, ba zan ce bai yi ba. Da na dawo gida na tarar da wani babban curin gumba a kan turmin da aka kife, an rufe shi da faifai. Inna tana shara, ta ba ni baya, ta ce wa iska, "Wancan na mai ban ruwa na." A iya rayuwarta wannan ne mafi kusa da ta zo ga yabona, kuma ya ishe ni. Baba ma daga ranar nan ya sakar mini ruwan gona. In maƙwabta sun zo neman shawara kan gonar da ta ƙi shan ruwa, sai ya ce, "Ku tambayi Sanda," ni ina yaro ɗan shekara takwas. Tawa gumbar sai bayan wata damina aka yi ta. Luba ce ta riƙa saurarena a bayan rumbu har na kai, amma a wannan karon juya mini baya take yi ta fuskanci bango, don ta gano da kanta cewa idonta ne ke ɗaure mini harshe.

Daga baya aka sa mu makarantar boko tare, ita aka tsallakar da ita aji biyu, Baba bai hana ba. Ni na tsaya a aji shida na koma fadama, kuma har yau in an samu gonar da ruwa ya ƙi bi, daga Marnona har Giyawa akan aiko a kira ni. Luba ta zarce ta zama malama, ta yi aure, ta koyar a Rabah shekaru masu yawa. An ce a ajinta ba ta hana mai sauri gudu, kuma ba ta barin mai nawa shi kaɗai. Amma sati shidan nan sun bar mata wani abu da bai rabu da ita ba: duk sa'ad da ta gama wani abu, ko cin abinci ne, sai ta waiwaya ta ga wa ta bari a baya. Ban taɓa gaya mata cewa na ji daɗi ranar Talatar nan ba. Na yi ta cewa sai mun zauna. Daminar bara Allah ya yi mata rasuwa bayan jinyar kwana tara. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Inna da Baba da suka riga ta.

Ta bar yarinya 'yar shekara huɗu, mai sunan Inna, muna kiranta Ummi, kuma a hannuna take yanzu. Ranar da ta kwana biyu a gidana ta tambaye ni inda hayaƙi yake zuwa in ya ɓace, na tashi na fita zaure na ɗan jima. Ita ma ba ta iya ɗaura zane ba. Ina da ɗa, Bello, ɗan shekara bakwai, karatu na yi masa nauyi, amma in injin ban ruwa ya canza kuka shi ke fara ji. Ɗan Malam Isa ne ke riƙe da makarantar yanzu. Da Ummi ta fara matsowa kusa da Bello, matata ta ce mini a hankali, "Malam, za ta wuce shi hwa." Na ce, "Ta wuce." Washegari na ɗauki Bello zuwa fadama na damƙa masa igiyar tayar da inji, na gaya masa a gaban mutane abin da na gani a hannunsa, da sunansa, ban jira ya tsinta a kan turmi ba.

Yanzu jigo ya ɓace daga fadama, kukan inji ne ko'ina. Yaro mai kaifin kai ba a tura shi bayan ɗaki tsintar wake, ɗaukarsa ake yi a waya a nuna wa duniya, kuma ban san wanne ya fi masa sauƙi ba. Dogon yaron ƙofar Malam ya tsufa, an sare masa reshe biyu saboda wayar lantarki, kaskon ma bokitin roba ya maye gurbinsa. Larabar da ta wuce na biyo ta wurin da hantsi, na tsaya daga nesa. Na ga Ummi ta durƙusa ta biya, an ɗaga mata kai, ta tashi da allonta ta wuce ta gaban Bello, shi kuma ya janye ƙafa ya ba ta hanya. Ta wanke, baƙin ruwan ya gangara ƙasa, ta jingine allon a rana ta tsaya tana jira ya bushe, ba ta dubi kowa ba.

Ni kaɗai na waiwaya.